Sista ta ce in ajiye littafina a bakin ƙofa

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 24. Na gama makarantar koyon aikin jinya ta shekara uku, na ci jarrabawar hukuma, kuma wata bakwai ke nan da aka ɗauke ni aiki a wani babban asibitin gwamnati, a ɗakin mata inda ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata da masu jego. Gado 34 ne, kuma a aikin dare mu biyu ne kacal. Tun makon farko na ga abin da ake yi ya sha bamban da abin da aka koya mana. Ana sa safar hannu ɗaya a zagaya gado biyar da ita, ana mayar da murfin allura da hannu biyu saboda kwalin zubar da allura ya cika, famfo kuma yakan kwana biyu babu ruwa. Da na yi magana, babbar sistar da nake ƙarƙashinta, wadda ta haura shekara ashirin a aikin, ta ce min a gaban ɗalibai in ajiye littafina a bakin ƙofa, nan asibiti ne ba aji ba. Tun daga ranar ake kirana "Malama" cikin zolaya.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar awo, wadda ake rubuta bugun zuciya da awon jini da numfashi da zafin jikin majinyata a kai. Idan asuba ta yi ba a samu damar auna kowa ba, sai a cike guraben da lambobi masu kama da na jiya don kada a yi mana faɗa wurin miƙa aiki. Ni ma na yi haka sau uku. Makon jiya kuma na daka wa wata tsohuwa da ke jinyar 'yarta tsawa, saboda ta zo min sau uku a kan ƙarin ruwa ya tsaya, sai na ji muryata ta koma irin ta waɗanda nake zargi. Na koma gida na kasa barci. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri in bi na gaba, aiki wuyar samu gare shi, ga shi sai da mahaifina ya sayar da gona kafin in gama makaranta. Ƙawata kuwa ta ce in kai ƙara wurin shugabar ma'aikatan jinya, ko in nemi tafiya digiri in huta. Shin karatun da muka yi na cin jarrabawa ne kawai? Don Allah me zan yi?

'Yarki, daga wani gari a Arewa.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne inda kika ce kin ji muryarki ta canza, domin ni ma na taɓa jin tawa ta yi haka a wani dare, shekaru da yawa da suka wuce, kafin in bar ɗakin majinyata in koma koyar da ɗalibai. Rashin barcin da kika yi bai tayar min da hankali ba. Da a ce kin cike takardar nan, kin daka wa tsohuwar tsawa, sannan kin je kin yi barcinki lafiya lau, da a nan ne zan ce abu ya ɓaci. Wata bakwai lokaci ne mai hatsari ga sabuwar ma'aikaciya, domin ɗokin farar riga ya wuce, gajiya ta fara taruwa, hannu kuma ya fara ɗaukar al'adar wurin ba tare da ya nemi izinin mai shi ba.

Kin tambaya ko karatun naku na cin jarrabawa ne kawai. A'a, amma akwai dalilin da ya sa kike ganin kamar haka ne. Makaranta tana iya cusa wa ɗaliba sani cikin sauri, tana kuma iya auna shi da takarda da alƙalami. Na tabbata idan na zaunar da ke yau na ce ki kawo min lokuta biyar na tsaftace hannu waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009, za ki jero su ba gargada, tun daga kafin taɓa majinyaci har zuwa bayan taɓa gadonsa da kayan da ke kewaye da shi. Sistar ma, in aka matsa mata, za ta kawo mafi yawansu. Ke nan a ɗakinku sani yana nan. Hali da aikin hannu kuwa a gefen gado ake koyonsu, ta hanyar kallon abin da na gaba ke yi da ƙarfe uku na dare lokacin da babu mai duba shi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu malamai muna da namu kason laifin, kuma ba zan ɓoye miki ba. Mukan koya wa ɗaliba wankin rauni a kan mutum-mutumin roba, da faranti cike da kayan aiki tsaf, ga ruwa ga sabulu ga lokaci, sannan mu tura ta asibiti wata da watanni ba tare da malami ya bi ta ya tsaya a bayanta ba, ta dawo mana da ɗan littafi cike da sa hannu mu ce ta iya. Su kansu ɗaliban sun san dawar garin, shi ya sa za ki ji suna cewa kowane aiki hanyarsa biyu, akwai ta jarrabawa akwai ta aiki. Darasin da ba mu cika koyarwa ba shi ne yadda za a riƙe manufar ƙa'ida idan kayan da ƙa'idar ta dogara da su ba su cika ba. Wannan darasin ne ya rage miki, kuma a wannan ɗakin mai gado 34 za ki koye shi.

Kafin mu je can, bari in ce wani abu game da sista, domin na lura a wasiƙarki ba ki faɗi alherinta ko ɗaya ba, kuma da wuya a ce ba ta da shi. Abin da ta yi miki a gaban ɗalibai kuskure ne, ba a kunyata ƙaramar ma'aikaciya a gaban waɗanda za su riƙa karɓar umarni daga gare ta. Amma matar da ta haura shekara ashirin tana aikin dare, ta sa allura da fitilar waya, ta ga lokacin da albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, ta rubuta takardar neman kaya sau babu adadi aka share ta, idan yarinya 'yar wata ɗaya a aiki ta ce mata "ba haka aka koya mana ba", abin da kunnenta ke ji shi ne an ce duk wahalar da ta sha shirme ce. Ki lura da ita da kyau a mako mai zuwa. Ina kyautata zaton ita ce ake kira idan jijiya ta ɓuya an rasa inda za a sa ƙarin ruwa, kuma ita ce za ta wuce ta gaban gado ta ce matar nan ba ta yi mata ba, alhali takarda ba ta nuna komai ba tukuna. Wannan idon ba a samunsa a aji, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tana da abin da ba ki da shi, kina da abin da ya wuce ta ko ta sake shi saboda gajiya, majinyatan ɗakin kuma suna bukatar duka biyun.

Yanzu ga maganar da ba ni da sassauci a kanta, wato takardar awo. Daga daren yau kada ki sake rubuta lambar da ba ki auna ba, ko da wa ya ce ki rubuta. Sauran abubuwan da kika lissafa rashin kaya yana da hannu a cikinsu, wannan kuwa ƙarya ce da aka sa mata hannu da sunanki. Ki tuna da matar da aka yi wa tiyatar haihuwa da yamma, tana zubar da jini a ciki inda ido ba ya gani. Mace matashiya mai ƙarfi jikinta yakan riƙe awon jininta daidai na tsawon lokaci, abin da ke fara tona asiri shi ne bugun zuciya, ya tashi daga tamanin da wani abu zuwa ɗari, daga nan ya haura ɗari da ashirin, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya yi sanyi, ta fara cewa ƙishirwa take ji. Kafin awon jinin ya faɗi, jini mai yawa ya riga ya tafi. Amfanin takardar shi ne ta nuna wannan hawan a jere, yadda wanda ya karɓi aiki da safe ko likitan da ya zo zagaye zai gan shi da kallo ɗaya. Idan gurbin ya kasance babu komai, mai duba takardar zai ce ba a auna ba, bari in auna. Idan kuwa aka cike shi da lambar jiya, an gaya masa matar lafiya take, ya wuce gado na gaba. Shi ya sa lambar ƙarya ta fi gurbin da aka bari fili muni nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi wuyanki ke kanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗauki shigar da bayanin ƙarya a takardun majinyaci a matsayin laifi da ke iya kai mutum ga tara ko ɗauri, kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ta ba ki lasisi, tana da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan ma'aikaci daga rajista. Ranar da wani abu ya faru aka ɗauko fayil, rubutun hannunki za a gani, kuma babu wanda zai tashi ya ce shi ya sa ki. Idan gonar mahaifinki kike tunani, to a nan ne take cikin hatsari.

Na san abin da za ki ce, cewa mutum biyu ba za su iya auna mutum 34 kowane awa huɗu ba, kuma gaskiya ne. Ko minti huɗu kacal kika ba kowace mace, zagaye ɗaya ya haura awa biyu, ban da rabon magani da ƙarin ruwa da wadda za a kawo daga tiyata tsakar dare. To, tun da ba za a iya yi wa kowa daidai wa daida ba, sai a yi wa kowa gwargwadon hatsarinsa. Lokacin karɓar aiki ki ɗauki minti goma ki ware waɗanda ba za a ɗauke ido daga kansu ba: wadda aka yi wa tiyata a ranar, wadda ta haihu cikin awa 24 musamman in ta yi zubar jini, mai hawan jini ko wadda ke kan allurar jijjiga, mai zazzaɓi mai zafi, da wadda ake yi wa ƙarin jini, wadda minti 15 na farko ba a barin gefenta. Da wuya su wuce takwas ko goma. Su za ki auna a kan lokaci, ki ƙirga numfashi minti guda cur, domin shi ne awon da aka fi cika da ka, kuma shi ne ke saurin nuna ana shirin rasa mutum. Sauran, waɗanda ke jiran sallama ko suka kwana biyu suna samun sauƙi, a auna su sau ɗaya kafin asuba in hali ya yi. Inda ba ki samu dama ba ki bar gurbin, ki rubuta a rahoton dare cewa ba a auna gado kaza da kaza ba saboda ma'aikata biyu ne a kan gado 34 kuma an karɓi mutum kaza daga tiyata. Za a yi miki faɗa da safe, watakila sau biyu ko uku. Ki tsaya da ladabi ki ce, "Sista, abin da na auna shi na rubuta, ga waɗanda na fi sa wa ido." Bayan haka ki yi shiru. Rahoton da ke nuna gaskiyar ƙarancin ma'aikata shi ne kuma hujjar da shugabanninku za su iya ɗauka su nemi ƙari, alhali takardar da kullum take cike tsaf tana shaida wa hukuma cewa mutum biyu sun isa.

Sau ukun da kika riga kika yi, kada ki koma ki goge ko ki gyara tsofaffin takardu, wannan wani laifin ne a kan laifi. Ki nemi gafarar Allah, ki bar shi a nan.

Batun allura da safar hannu kuwa, lafiyarki ce a gaba kafin ta kowa. Zazzaɓin Lassa da muke fama da shi kowane rani ya samo sunansa ne daga garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma mutanen farko da aka gane cutar a jikinsu ma'aikatan jinya ne 'yan mishan: Laura Wine ta kamu a can aka kawo ta Jos ta rasu, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, ta ukun, Penny Pinneo, da ƙyar ta sha bayan an kai ta Amurka. Tun farkon labarin cutar, ma'aikaciyar jinya ce ke kan gaba wurin ɗauka. Idan allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soke ki, hatsarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1000, amma idan ta mai ciwon hanta nau'in B ce kuma ba ki yi rigakafi ba, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Saboda haka idan ba ki karɓi rigakafin ciwon hanta ba, ki je ki fara a wannan makon ko da kuɗinki ne. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. In tsautsayi ya sa allura ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ki matse shi, ki sanar nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau yana bukatar a fara shi cikin awannin farko, ba ya wuce awa 72, kuma kwana 28 ake shansa.

Cikar kwali ba ta zama dalilin mayar da murfi da hannu biyu ba. Jarka mai kauri da aka yanke mata ƙaramin baki aka rubuta mata gargaɗi tana riƙe allura har a kawo sabon kwali, kuma in ya zama dole a rufe, ki ajiye murfin a kan tebur ki zura allurar ciki da hannu ɗaya. Safar hannu kuma, wadda aka zagaya gado biyar da ita mai sanye da ita kawai take karewa, majinyatan kuwa tana kwasar na wannan ta kai wa wancan. Ba kowane taɓi ne ke bukatar safa ba. Auna bugun zuciya ko zafin jiki a fata mai lafiya hannu mai tsafta ya isa, sai a tanadi safar don jini da rauni da sauran ruwan jiki, ta haka ma kwalin safar zai fi daɗewa. Ki riƙa yawo da ƙaramar kwalbar man goge hannu a aljihu, daƙiƙa 20 zuwa 30 ne tsakanin gado da gado. Bokiti mai famfo da sabulu a bakin ɗaki yana maganin ranar da ruwa ya ɗauke, kuma ki tambayi sashen magunguna ko za su iya haɗa man goge hannun da kansu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da fitar da yadda ake haɗa shi a asibiti da kayan da ba su da tsada.

Duk waɗannan a hannunki suke, ba sai kin nemi izinin kowa ba, kuma da su nake so ki fara, ki yi wata biyu ko uku kina gyara naki aikin ba tare da kin yi wa kowa wa'azi ba. Ɗaliban da aka kunyata ki a gabansu suna kallo, kuma abin da suka ga hannunki na yi zai fi zama a kansu fiye da abin da aka faɗa ranar. A cikin wannan lokacin ki nemi sista ita kaɗai, ba a gaban majinyaci ko ɗalibi ba, ki ce mata, "Sista, ina so ki koya min yadda kike samun jijiya idan ta ɓuya." Ki nema da gaske, domin kina bukata. Wanda ya koya miki abu yakan fara ɗaukarki tasa, kuma daga nan ne za ki samu bakin cewa, "Sista, kwalin nan ya cika, in kawo jarka mu riƙa amfani da ita kafin a kawo wani?" Kalmar "a makaranta an ce" ki ajiye ta gaba ɗaya. Idan sunan Malama ya ci gaba, ki amsa da fara'a, suna ne mai kyau, kuma zolayar da ba ta samu fushi ba takan gaji.

Kada ki ɗauka tsofaffin ma'aikata ba sa canzawa. A jihar Kano, shekaru da dama dayazifam, wanda aka fi sani da baliyam, shi ake yi wa mai ciki idan ta kamu da jijjiga. A 2008 aka horar da likitoci da ungozomomi a manyan asibitoci 10 na jihar kan amfani da magnesiyam salfet, aka ba su maganin, aka sa musu ƙa'idar a rubuce, waɗanda aka horar suka koma suka koya wa abokan aikinsu, sai mace-macen masu wannan larura a asibitocin ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Ma'aikatan da ke wurin ne suka yi wannan, ba wasu aka kawo daga waje ba. Abin da ya sa ilimin ya zama aiki shi ne ya zo tare da kaya, da takarda a bango, da goyon bayan na sama. Ki riƙe wannan idan lokacin kai magana gaba ya yi.

Wannan ya kawo ni ga shawarar ƙawarki. Kai ƙarar sista da sunanta a yanzu, kina da wata bakwai kuma ba a tabbatar miki da aiki ba, zai rufe miki ƙofofi ba tare da ya ƙara safar hannu ko ɗaya a ɗakin ba. Abin da ya fi shi ne a kai matsalar, a bar mutum. Ki riƙe ɗan littafi na wata guda, ki rubuta daren da ruwa ya ɗauke, ranar da kwali ya cika ba a canza ba, da yawan majinyata a kan ma'aikata, sannan ki nuna wa mai kula da ɗakin ki roƙe ta ku kai wa shugabar ma'aikatan jinya ko kwamitin hana yaɗuwar cuta tare, da sunan ɗakinku. Kina iya ba da shawarar a riƙa ɗaukar minti goma wurin miƙa aiki sau ɗaya a mako a tattauna abu guda, kuma a fara da sista ta koyar da abin da ta fi kowa iyawa. Ita ma ai tana zuwa kwas ɗin ƙarin ilimi da hukuma ta wajabta kafin sabunta lasisi, ba baƙuwar sabon bayani ba ce. Amma akwai iyaka. Idan aka tilasta miki rubuta ƙarya bayan kin ƙi, ko kika ga an yi abin da ya cutar da majinyaciya ana shirin binne shi, to ki je wurin shugabar kai tsaye, a rubuce, da kwanan wata, ki riƙe kwafi, ki kuma sanar da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya. In abin ya ƙi gyaruwa, neman canjin ɗaki ba gudu ba ne.

Mahaifiyarki ba ta yi kuskure ba da ta ce ki yi haƙuri ki girmama na gaba, tsoron kada ki rasa abin da aka sha wuya a kansa ne ke magana. Ki zaunar da ita ki yi mata bayani da misalin da za ta gane, ki ce, "Umma, da ke ce a kwance aka rubuta an auna ki alhali ba a auna ba fa?" Ki tabbatar mata ba rashin kunya za ki yi wa kowa ba, kuma ba aikin za ki bari ba. Addu'arta za ta fi yi miki amfani idan ta san ainihin abin da take roƙa miki.

Digiri kuwa ina goyon baya, amma ba don hutu ba, domin babu hutu a cikinsa, kuma wadda ta tafi don gudun ɗaki ɗakin za ta dawo ta tarar. Wani babban bincike da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2014, a kan asibitoci 300 a ƙasashe 9 na Turai, ya nuna duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na masu digiri a cikin ma'aikatan jinya yana tafiya da raguwar hatsarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7. Binciken dai shi ne kuma ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciya yana ƙara wannan hatsarin da kashi 7. Asibitocin Turai ba namu ba ne, amma darasin ya shafe mu: karatu yana ceton rai, ƙarancin hannu kuma yana cinye ribar karatun. Ki bari a tabbatar miki da aiki, wanda a aikin gwamnati yakan ɗauki shekara biyu, sannan ki nemi hutun karatu ta hanyarsa. Akwai sashen jinya a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri, akwai jami'ar karatu daga gida ga mai rajista da ke son haɗawa da aiki, kuma tun da a ɗakin masu jego kike, kwas ɗin ungozoma zai iya fin komai yi miki amfani da wuri. Wadda ta shiga aji bayan shekara biyu a gefen gado tambayoyinta daban ne da na wadda ba ta taɓa kwana da majinyaci ba.

Na bar tsohuwar nan a ƙarshe da gangan. Ta zo miki sau uku saboda ruwan ya tsaya sau uku, ko kuma saboda ba wanda ya gaya mata abin da za ta duba, ga 'yarta kwance, ga dare, ga ta a wurin da ba ta san kowa ba. A ɗakin da ma'aikata biyu ke riƙe da gado 34, masu jinya su ne idanunku, kuma wadda aka daka wa tsawa yau, gobe in ta ga zanin 'yarta ya jiƙe da jini za ta yi ta jan ƙafa kafin ta zo ta faɗa. Mata da yawa a garuruwanmu sun zaɓi haihuwa a gida saboda maganar da aka taɓa jifansu da ita a asibiti, ba saboda kuɗi ko nisa kawai ba. Idan har yanzu suna nan, ki je ki durƙusa gefenta ki ce, "Iya, ki yafe min, ranar nan gajiya ce ta yi min yawa." Ba zai ɗauki minti ɗaya ba. In an sallame su, to ki biya bashin a kan ta gaba: da farkon dare ki zagaya ki gaishe da masu jinya, ki gaya musu abubuwan da in sun gani su zo da gudu ko da kin sa kai a tebur, wato jini ya jiƙa zani, numfashi ya canza, jijjiga, ko majinyaciya ta daina amsa magana, ki kuma nuna musu yadda za su gane ruwa ya kusa ƙarewa. Za ki ga kiran banza ya ragu, na gaske kuma ya zo da wuri. Ki kuma ci abinci kafin ki shiga aikin dare, ki yi barcin rana ko da za a ce kin cika son jiki, domin yunwa da rashin barci su ne rabin tsawar da ake dakawa a asibitocinmu.

Ki sake rubuto min bayan wata uku. Ina so in ji ko kin karɓi allurar rigakafi ta farko da ta biyu, ko jarkar ta samu wurin zama a ɗakin, da kuma abin da sista ta ce ranar da kika roƙe ta ta koya miki neman jijiya. Ki gaishe min da Umma.